Yadda A Ke Yi Wa 'Yar Mesa Ɗumi Da Maɓoya

A watan Nuwamba na shekarar 2023 wata mota ta kawo doya kasuwar Gashuwa daga wajen Binuwai. Ana cikin saukewa sai 'yan dako suka ga wani ɗan maciji a ƙarƙashin ciyawar da aka shimfiɗa wa doyar, ya dunƙule kamar curin fura. Har an ɗauko sanduna, sai wani ɗalibina ya roƙa aka bar masa, ya kife shi da bokiti, ya aiko mini gida a Katuzu. Da na duba sai na ga 'yar mesa ce, tsawonta bai wuce santimita 40 ba. Tun daga ran nan ta ke hannuna, muna koyar da ilmin halittu da ita. Ɗalibai da yawa sun tambaye ni yadda na ke kula da ita, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta, domin masu fita koyarwa su amfana.

Da farko sai mu san ko wace ce ita. Ba ita ce babbar mesar nan da masunta ke gamuwa da ita a fadamun Haɗeja da Nguru ba. Wannan ƙanwarta ce, masana suna kiranta Python regius. In ta girma ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ba ta da dafi, in kuwa ta tsorata sai ta cusa kanta tsakiyar jikinta ta dunƙule. Mazauninta ƙasashen ciyawa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda ta ke wuni cikin ramin ɓera ko tsohon suri, sai dare ta fito farauta. A hannun mai kula ta kan yi shekara 20 zuwa 30, saboda haka riƙonta ba wasan yara ba ne.

To, ga tushen maganar duka. Ni da kai jikinmu shi ke yi wa kansa zafi daga abincin da mu ke ci. Maciji ba haka ya ke ba, zafin jikinsa aro ne daga wurin da ya kwanta. In ya ji sanyi sai ya matsa wuri mai ɗumi, in ya ji zafi ya koma inuwa. A daji wannan ba wuya, gama rami yana da baki yana da ƙurya. Amma wanda ya sa maciji a akwati ya raba shi da wannan zaɓi, watau ya zama tilas ya mayar masa da shi.

Ni kaina sai da na yi kuskure kafin in gane haka. Na sa ta a babban akwatin gilashi fayau, ba abin fakewa, don ɗalibai su riƙa kallo, na kuma rataya mata ƙwan lantarki a tsakiya. Mako uku ta ƙi cin kome, kullum tana goga hanci a gilashi tana neman mafita. Da ta zo yin saɓa sai fatar ta manne mata gutsi-gutsi, domin ƙwan ya busar da iskar akwatin ƙayau. Laifina ne, ba nata ba. Ga yadda na gyara.

Na fari, akwati. Na samo na roba mai tsawon kamar santimita 60, na huda ƙananan ƙofofin iska a gefe, na sa murfi mai kamawa sosai, gama mesa ƙarfi gare ta, in ta sami kafa sai ta ture. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, don in ta ɓaci a canza nan da nan. Ban sa yashi ba, domin ya kan bi abinci ya shiga ciki.

Na biyu, ɗumi. A gefe ɗaya kaɗai a ke sa shi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na gindin akwatin. Gefen ɗumi ya tsaya digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos, gefen sanyi kuwa 25 zuwa 27, da dare kada ya sauka ƙasa da 23. Kada kowa ya auna da tafin hannu, hannu ya kan yi ƙarya. A sayi ma'aunin zafi biyu, a ajiye ɗaya kowane gefe a daɓen akwatin, daidai inda cikinta ke taɓawa. Masu kiwon macizai a Turai da Amurka suna amfani da wata shimfiɗar lantarki da a ke sa wa ƙarƙashin akwati, haɗe da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai iyaka. Wanda ya sami shimfiɗar kada ya kunna ta ba na'urar. Dalili kuwa, maciji ba ya saurin janye jiki daga abu mai zafi, ya kan kwanta har cikinsa ya ƙone.

Mu nan ba kullum a ke da wuta ba, sanyin hunturu kuwa ba ya jira. A Disamba da Janairu, kafin asuba, ma'auni ya kan sauka ƙasa da digiri 15 a wannan yanki namu. Dabarata ita ce kwalba. Bayan sallar isha sai in cika kwalabe biyu da ruwan zafi, in naɗe su da tsumma, in jingina su a bayan akwatin ta gefen ɗumi, daga waje, sa'an nan in lulluɓe da bargo in bar ƙofofin iska a buɗe. Da asuba in sake ruwan. Kaskon gawayi da fitilar kananzir kuwa kada su kusanci akwatin, hayaƙinsu kisa ne. Abin da ya sa a ke wannan wahala, sai da ɗumi abinci ke narkewa a cikin maciji. In ya ci ya kwana cikin sanyi, abincin ya kan lalace a ciki ya amayar, ko ciwon numfashi ya kama shi. In ka ga kumfa a bakinta, ko ka ji tana shaƙar iska da ƙara, sai wurin likitan dabbobi.

Da bazara kuma sai magana ta juya. A Afrilu da Mayu zafi ya kan haura digiri 40, wannan kuwa ya fi sanyi saurin kashe ta. Lokacin nan sai in janye kwalabe, in sauke akwatin ƙasa a ɗakin soro, kusa da randa, inda jiƙaƙƙen yashi ke sanyaya wuri. Kada a bar akwati inda rana ke faɗowa ta taga, ko na rabin sa'a.

Na uku, maɓoya. Biyu a ke yi, iri ɗaya, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. In ɗaya ce tak, mesa za ta zaɓi ɓuya a kan lafiyarta, ta zauna ciki ko tana ƙuna ko tana daskarewa. Ni ƙananan kasake biyu na saya wurin masu tukwane, na fasa ƙofa a bakin kowanne, na goge kaifin da dutse, na kife su. Ƙwarya ma ta yi, sai dai ta kan yi fumfuna. Maɓoya ta zama matsattsiya mai ƙofa ɗaya, yadda in ta naɗe jikinta zai taɓa bango ta kowane gefe, kamar dai a rami. In ta girma a sake mata wadda ta fi.

Na huɗu, laima. Iskar hunturu busasshiya ce, ita kuwa daga ƙasa mai damshi ta fito. Na ajiye kwanon ruwa mai nauyi wanda ba ta iya kifarwa, ina canza ruwan kullum. In na ga idonta ya yi fari-fari kamar hazo, na san saɓa ta kusa, sai in sa ɗan jiƙaƙƙen tsumma cikin kaskon gefen ɗumi. Bayan na yi wannan gyara na ƙyale ta mako guda ba mai taɓa ta. A dare na takwas ta kama ɗan ɓeran da na ba ta, saɓarta ta gaba kuwa ta fita ɗungum kamar an tuɓe safa. Yanzu ba na ɗaukarta sai kwana biyu bayan ta ci, ba na ba ta ɓeran da aka sa wa guba, kowa ya taɓa ta kuma sai ya wanke hannu da sabulu.

Sauran gargaɗi biyu. Kada wani ya karanta wannan ya tafi daji kamun maciji. Kasa ma gajeriya ce mai kauri da zane a baya, kububuwa kuwa ƙarama ce amma sararta ke cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo. Wanda bai iya rarrabewa ba ya tsaya nesa. Sa'an nan ita wannan mesa ana fitar da irinta da yawa zuwa ƙasashen waje daga Gana da Togo da Binin, har aka sa cinikinta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, Nijeriya kuma ta yi dokar kare irin waɗannan dabbobi a 1985. Wanda irinta ta faɗo hannunsa ya sanar da ma'aikatan gandun daji, kamar yadda na yi.

Ku da za ku fita koyarwa, ba lalle ku riƙe mesa ba. Amma ko ƙadangare ko kunkuru yara suka kawo muku aji, ku fara tambaya, a ina ya ke kwana a daji, me ke ɗumama shi, ina ya ke ɓuya? In kun amsa waɗannan kafin ku rufe murfi, dabbar za ta rayu, yaran kuma za su koyi abin da allo ba ya koya musu. Mai son ganin akwatin ya same ni ɗakin kimiyya ran Alhamis bayan la'asar.