Motar da Fetur Ke Shaƙewa: Idan Injin Wankel Ya Ƙi Tashi

Da sassafe mai Mazda RX-8 ya tada motarsa don ya matsa wa maƙwabci ya fita. Ko minti ɗaya bai cika ba ya kashe ta. Da hantsi ya dawo ya murɗa makulli, sai kik ya yi ta juyi da sauri fiye da yadda ya saba, amma injin ko tari bai yi ba. Ga warin fetur ya cika wurin. Babu abin da ya karye a motar nan. Mai ta sha ta shaƙe.

Duk wanda ya taɓa riƙe babur ya san jiƙewar fulogi. A cire, a goge, a mayar, shi ke nan. A wannan injin maganar ta wuce fulogi, kuma dalilin yana cikin ƙirarsa.

Ba shi da fistan ko ɗaya. Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, aka fara tada samfurinsa a kamfanin NSU a 1957. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyi a cikin gida mai siffar ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu. Kowace fuska ta ƙarfen tana yin ɗaki tsakaninta da bango, ɗakin yana buɗewa yana tsukewa: ya zuƙi iska da fetur, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Kamfanoni da yawa sun gwada shi sun watsar. Mazda ta Hiroshima, wadda ta sayi lasisinsa a 1961, ita ce ta nace. Ta fitar da Cosmo Sport a 1967, RX-7 a 1978, sannan RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Da irin wannan injin ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991.

Rayuwar injin tana kan tsinin kusurwoyin nan uku. A kowane tsini akwai siririn ƙarfe da ke goga bango, yana yin aikin da ringi ke yi wa fistan. Shi kaɗai ba ya iya toshe iska, sai da shafen baƙin mai tsakaninsa da bangon. Shi ya sa aka yi wa injin ɗan famfo mai ɗiga baƙin mai cikin ɗakin ƙonewa da gangan. Makaniken da ya ga RX-8 tana rage baƙin mai ya ce injin ya mutu, bai san motar ba. Haka aka ƙera ta.

To, injin mai sanyi ba ya ƙona fetur da kyau, don haka kwamfutar mota, wadda ake kira birenbos a gareji, takan ƙara masa mai har ya ɗumama. Ɗakin ƙonewar Wankel kuwa dogo ne siriri, bangonsa da faɗi, fetur yana kwanciya a jikinsa kamar raɓa. Idan aka kashe shi a wannan hali, man da bai ƙone ba zai zauna ciki ya jiƙa fulogi, ya kuma wanke shafen baƙin man nan. Matsi ya tsere ke nan. Saurin da kik yake yi ma shaida ce, domin ba abin da yake turawa. Mai motar kuwa duk murɗa makullin da ya yi, nozul ya sake watsa fetur a kan wanda ke ciki. Garin neman gira ake rasa ido.

Kafin a taɓa komai a duba batir. Wannan injin yana son a juya shi da ƙarfi, batirin da ya gaji ƙara shaƙe shi kawai zai yi. A caja shi, ko a jona da na wata motar.

Sai dabarar da Mazda da kanta ta sa a littafin RX-8. A taka totur har ƙasa tun kafin a murɗa makulli, a riƙe shi a nan. Kwamfutar na ganin haka za ta yanke fetur gaba ɗaya, injin ya yi ta juyi da iska zalla yana huro abin da ya taru zuwa salansa. Kada a wuce daƙiƙa 10, a bar kik ya huce, a maimaita. Babban kuskure shi ne takawa da sakin totur kamar yadda aka saba da tsofaffin motocin kafireta; da ƙafa ta ɗan ɗaga, mai ya dawo. Bayan 'yan zagaye sai a sake totur a gwada tashi. Idan ya fara tari, a lallaba shi. Idan ya kama zai yi hayaƙi mai yawa, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a kashe shi kafin allurar zafi ta kai tsakiya, domin an koma gidan jiya.

Idan hakan bai yi ba, sai spana. A cire fiyus na famfon mai, a kwance fulogai. Guda huɗu ne, biyu ga kowane ɗaya daga ƙarafa biyu masu juyi na RX-8: na ƙasa mai alamar L, na sama mai alamar T, kuma ba a musanya su. A cire wayar na'urar da ke karanta juyin injin, don kada kwayil ya ba da wuta. Wannan matakin ba na tsallakewa ba ne, domin da an juya injin fetur zai feso daga ramukan fulogi kamar hazo, tartsatsi ɗaya ya isa gobara. Bayan hazon ya ƙare a zuba ɗan baƙin mai, misalin ƙaramin cokali, ta ramin fulogi, a juya kaɗan ya shafi fuskoki uku. A ganina wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi mantawa. Busar da fetur rabin magani ne, sai an mayar da shafen matsi ke dawowa.

Wasu kan ja motar da igiya su saki kuloci a giya ta biyu. Yana yi, amma ga mai giyar hannu kawai, kuma ɗanyen fetur ɗin da ya tafi salansa yana iya narka matatar hayaƙi, wadda kuɗinta ba kaɗan ba ne.

Shaƙewa sau ɗaya kuskuren direba ne. Idan ta zama ta kullum, da sauran magana. Kwayil na RX-8 ba sa daɗewa, kuma motocin farko sun zo da kik mai rauni, har Mazda ta fitar da mai ƙarfi ta kuma sabunta manhajar kwamfutar. Idan an canza waɗannan bai daina ba, sai awon matsi da na'ura ta musamman, mai ba da lamba uku ga kowane ƙarfe, a daidaita su kan juyi 250 a minti. Na'urar awon injin fistan lamba ɗaya za ta nuna, ta ɓoye fuskar da ta lalace.

Akwai kuma alamar da ba ta buƙatar na'ura. Mota ta tashi lafiya da safe, aka yi tafiya, aka tsaya gidan mai, sai ta ƙi tashi har sai ta huce. Wannan ba shaƙewa ba ce. Galibi ƙarafunan tsini ne suka cinye, kuma idan haka ne babu taka totur ko cokalin baƙin mai da zai hana a sauke injin.