Mun Je Landan, Mun Tarar da Tulun Kwali

Duk wanda ya taɓa karɓar canjin naira ashirin a tashar motar Kwali ya riƙe hoton 'yar garin a hannunsa, ko ya lura ko bai lura ba. A bayan takardar akwai wata mata ta duƙufa kan ginin tulu. Ladi Kwali ke nan, kuma tun 2007 take wurin. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, aikin hannunta na can ajiye a Landan, a gidan tarihin da mutanen duniya ke tururuwar shiga. Mu kuwa 'yan garinta, in Allah ya kai mu birnin, sai mu ƙare kwanakinmu wajen ɗaukar hoto a gindin agogon Big Ben da cinikin takalma a titin Oxford.

A da, in ka ga Bahaushe ya ɗauki matarsa sun yi doguwar tafiya, to Hajji ne, ko asibiti, ko biki, ko gaisuwar rasuwa. A ce miji da mata sun bar yara wajen kaka sun tafi kallon gari kawai, wannan sabon abu ne, har yanzu ma akwai masu ganinsa almubazzaranci. Amma zuwa Landan don buɗe ido ba yau muka fara ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921. Abubakar Imam ya je a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Waɗannan mutane sun tafi da tambayoyi a ransu, shi ya sa suka dawo da abin faɗi. Ma'auratan da suka yi shekara biyu ko uku suna tara kuɗin wannan tafiya su ma sun cancanci su dawo da abin da ya fi hotuna.

Kafin a kai ga kallo, akwai ƙofa, wato biza. Bizar baƙunci ta Birtaniya kan ba mutum damar zama har wata 6, ba ta yarda a yi aiki ba, kuma ba ta shiga da kai Faransa ko Jamus, domin Birtaniya ba ta cikin tsarin bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai. Wanda ke son ya leƙa Paris daga Landan sai ya nemi wata biza daban tun yana gida. Ana cike takardu ta intanet, kowa da tasa, sannan a je cibiyar karɓar takardu a Abuja a ɗauki hoto da zanen yatsu. Mai duba takardun abu biyu yake son ya gamsu da su: kuɗin da za ka kashe naka ne, kuma kana da abin da zai dawo da kai gida, aiki ne, kasuwanci ne, ko iyali. Idan maigida ne zai ɗauki nauyin uwargida, a faɗi haka ƙarara, a haɗa da takardar shaidar aure. Kuɗin da aka antaya cikin asusu saura mako guda a miƙa takardu, ba tare da bayanin inda suka fito ba, sun fi jawo zargi a kan su taimaka. In an hana, kuɗin biza ba ya dawowa. In kuwa aka kama takardar bogi, ana iya rufe wa mutum ƙofa har shekara 10, ko da wani ɗan kamasho ne ya haɗa masa ita bai sani ba. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Mutumin Kwali ya yi sa'a a abu ɗaya: in ya biyo ta Gwagwalada, zai isa filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba tare da ya kutsa cikin cunkoson tsakiyar Abuja ba. Daga nan zuwa Landan tafiyar awa 6 ce da ɗoriya. Wajen haɗa kaya ne ake yin kuskuren da ya fi ciwo. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashe irin tamu shiga da nama ko kayan madara, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanun da ake ƙullawa don tsaraba duk a bar su gida. Abin da ya kamata a saka a jaka shi ne ƙaramar buta, domin banɗakin otal ɗinsu takarda kawai za ka tarar, sai lema, sai takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajar waya ba za ta ba ka wahala ba.

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, ta kuma fito kafin 5 na asuba, ga shi agogonsu a wannan lokaci daidai yake da namu. Yini mai tsawo ne ga mai yawo, amma tsakanin Isha'i da Asuba ɗan taƙi ne, kuma otal da jirgi sun fi tsada. A watan Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya shigo, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana kora su. Ni dai in da za a tambaye ni, sai in ce watan Mayu ko Satumba.

Ranarmu ta farko a Landan, ni da uwargida, ni na ɓata ta da hannuna. Na rubuta wurare biyar a takarda, na ce kafin dare sai mun gama da su. Muka fara da fadar Buckingham, muka ratsa lambun St James, muka ga majalisa da agogo, muka haye gadar Westminster zuwa lilon nan da ake kira London Eye, mai tsawon mita 135, wanda ke ɗaukar kusan rabin awa kafin ya zagayo. Ina gaba da waya a hannu ina bin taswira, ita tana baya da sabon takalmi. Muna saukowa daga lilon ta sami wani benci a bakin kogin Thames ta zauna, ta cire takalmin, ta ce, "Malam, hutu ka kawo ni ko gudun fanfalaki? Ka je ka gama, ka dawo ka same ni a nan." Na duba dunduniyarta ta yi bororo. Muka zauna a wurin fiye da awa guda, ba mu yi komai ba sai kallon jiragen ruwa da mutane, kuma a duk ranar wannan zaman ne kaɗai har yau muke tunawa da daɗi. Daga nan muka yanke cewa wuri biyu ya isa a yini, kuma yau ni zan zaɓa, gobe ita.

Wannan rabon kwana ya fi duk wata dabara da na karanta amfani. Miji da matar da a gida kowa na can da hidimarsa, sai ga su tare dare da rana a ɗaki guda, a garin da ba su san kowa ba, ga gajiya, ga kuɗi na zurarewa kamar ruwa a kwando. Ƙaramin abu sai ya zama magana. A ware kuɗin tsaraba tun daga gida, a san na dangin miji da na dangin mata. Kuma kowa ya riƙe katin biyan kuɗinsa da adireshin masauki rubuce a takarda, ko don ranar da ƙofar jirgi za ta rufe da ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Zirga-zirga a birnin ba ta da wuya in an gane kanta. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara tun 1863, ya fi sauri. Ana biya da katin Oyster ko katin banki na taɓawa, kowane mutum da nasa, kuma akwai iyakar da in kuɗin yini ya kai ba za a ƙara cirar maka ba. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Amma mai son ganin gari ya hau saman bas mai hawa biyu ya zauna gaba. Mai lamba 15 tana tashi daga wajen dandalin Trafalgar, ta wuce babban cocin St Paul, ta kai ka Hasumiyar Landan, a kuɗin bas na yau da kullum. Wajen tsallaka titi a yi hattara, su a hagu suke tuƙi, kamar yadda muke yi kafin 1972, don haka motar da za ta fara iso ka daga dama take fitowa. Waya kuma a daina riƙe ta sakaka a bakin hanya, akwai masu fizge a kan keke.

Salla da abinci ba matsala ba ne. Ga Babban Masallacin Landan a gefen lambun Regent's, ga na Whitechapel a gabashin gari. Titin Edgware cike yake da gidajen abincin Larabawa, wanda kuma ya yi kewar miyar gida ya nufi Peckham, inda za ka ji Yarbanci a titi kamar kana Legas.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wuraren da suka fi daraja su ne ba a biyan ko kwabo a shiga. Gidan tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, kyauta ne. A ɗakin kayan Afirka da ke ƙasa za ka ga allunan tagulla na Benin da sojojin Ingila suka kwasa a 1897, jere a kan sanduna. Ɗan Nijeriya ba ya fita wannan ɗaki da zuciya ɗaya. Ka yi alfahari da gwanintar, ka kuma ji zafin yadda kayan suka zo.

Na Ladi dabam ne, domin ba ƙwace aka yi ba, saye aka yi, da sunanta a jiki. Rana ta huɗu, ranar zaɓin uwargida ce, ta ce a kai ta ta ga tulun. Gidan tarihin Victoria da Albert, inda tulun yake, yana unguwar South Kensington, shi ma kyauta ne, kuma sashen kayan yumɓu yana can hawa na ƙarshe, inda 'yan yawon buɗe ido ba su cika hawa ba. Tangaran na Sin da Japan da Farisa ne jere cikin gilashi iya ganinka. Mai niyyar zuwa ya fara duba shafin gidan na intanet, ya rubuta sunanta, zai ga wanne ne ke baje, wanne ke ma'ajiya, domin sukan sauya. Tun 2025 ma sun buɗe wata ma'ajiya a Stratford inda mutum ke iya neman a fito masa da abin da yake son gani.

An haifi Ladi a Kwali wajejen 1925, cikin Gwarawa, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. A gida ta koya, ba da injin juyi ba: ana ɗora yumɓu mulmule-mulmule, maginiya na zagaya tulun tana ja tana shafewa. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tulunanta a fada, a can kuma wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, kuma a 1954 Ladi ta shiga, mace ta farko a wurin. An baje aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita kanta ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, ta zagaya Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Matar da ba ta yi boko ba ke nan.

Siffar tulun tamu ce, ta randar da ke ƙarƙashin bishiya a kowane tsakar gida, da faɗin ciki da ɗan gajeren wuya. An raba jikinsa gida-gida da zane, a cikin gidajen kuma halittun da ta saba zanawa, irin su ƙadangare da kunama da hawainiya da kada da kifi. Bambancin shi ne an shafe shi da ruwan gilashi an gasa a wuta mai tsananin zafi, sai ya yi duhu yana sheƙi. Ni ina karanta ɗan rubutun da ke ƙasa, uwargida kuwa ta tsuguna tana leƙen gindinsa. Can ta ɗago ta ce, "Malam, wannan ai ba zai sanyaya ruwa ba." Gaskiyarta. Randar gida tana sanyaya ruwa ne don tana tsatsafowa, iska na busar da gumin tana tafiya da zafin. Wanda aka toshe masa ƙofofin gumi da gilashi ya tashi daga aikin randa, ga nauyin da ba macen da za ta saɓa shi a kafaɗa daga rafi, yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Ya zama abin kallo, kuma da haka ya sami shiga ɗakin da muka same shi. Na yi shekaru ina karanta labarin Ladi ban taɓa tunanin wannan ba, sai da na zo da wadda ta girma tana ɗiban ruwa a randa.

Wata dattijuwar Baturiya da ke kusa ta ga mun daɗe a wurin, ta tambaye mu ko mun san mai aikin. Uwargida ta buɗe jaka ta laluba, ta zaro wata tsohuwar naira ashirin da ta rage mata tun canjin mai ruwan leda a Gwagwalada, ta juya bayanta ta miƙa mata. Matar ta sa tabarau, ta dubi takardar, ta dubi tulun, ta sake duban takardar. Ta ce ko za mu sayar mata. Uwargida ta ce ta riƙe, kyauta ce daga Kwali.