Shiga jardan: abin da ya kamata uwaye su duba kafin su rubuta yaro

Duk shekara, idan watan Oktoba ya gabato, uwaye a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan shiga neman wa ƙananan ƴaƴansu gurbi a jardan ta gwamnati. Dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta ware wannan mataki ga yara masu shekara 3 zuwa 5, kafin su shiga ajin CI na firamare. Da yawa daga cikin waɗannan jardan suna cikin harabar lakwal ɗin unguwa. Kuɗinsu bai kai na masu zaman kansu ba, shi ya sa gurbi yake saurin cika. Sai dai samun gurbi bai wadatar ba, sai uwa ko uba sun taka sun ga wurin da idonsu.

Abu na farko shi ne ɗakin da yaro zai zauna. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu, akasarinsu ƴan jardan. A watan Nuwamba na shekarar, irin wannan gobara ta ci rayukan yara fiye da 20 a Maraɗi. Bayan nan ne gwamnati ta hana sanya ƴan jardan cikin ajin zana a duk faɗin ƙasa. Dalili a fili yake: kara busasshe ba ya jinkirin kamawa, kuma yaro ɗan shekara 4 bai san hanyar tsira ba idan hayaƙi ya turnuƙe. Don haka uwaye na da haƙƙin su nemi darakta ya nuna musu ainihin ajin, su ga ko ginin ƙasa ne ko na siminti, ƙofa nawa gare shi, kuma ko ana girki ko suyar saidawa a kusa.

Na biyu, katanga da hanya. Makarantar da ba ta da katanga, babura da dabbobi suna ratsa ta, yaro kuma yana iya ficewa ba wanda ya lura. Jardan ta kusa da gida, wadda za a kai ba tare da tsallaka kwalta ba, ta fi mai suna da ke nesa. Ya kamata a tambayi wa ake miƙa wa yaro idan an tashi.

Na uku, ruwan sha da makewayi. Yaro ƙarami ba ya iya riƙe fitsari har tsakar rana, kuma inda babu wurin wanke hannu, zawo ba ya wuyar yaɗuwa.

Sannan a ƙirga yaran da ke gaban malama guda. Aikin jardan shi ne wasa, waƙa, zane, riƙe alli da koyon zama da sauran yara. Idan aji ya cika maƙil, malama tsaro kawai za ta yi. Yaron da ya dawo gida bai iya rubutu ba a shekarar farko bai yi asara ba; wanda ya dawo yana tsoron makaranta shi ne abin damuwa.

Wajen rubuta suna ana neman takardar haihuwa, galibi har da katin rigakafi. Wanda ba a yi wa takarda a kan lokaci ba, sai an bi ta kotu, don haka gara a fara tun da wuri. Duk kuɗin da aka nema, a tambayi ko kwamitin COGES ne ya tsayar da shi, da abin da za a yi da shi. A wannan kwamiti uwaye suna da kujera, kuma nan ne wurin kai maganar katanga, ruwa ko aji idan an ga gyara.