Kafin a Raba Miliyan Ɗaya, Ka San Halinta

Mai karatu, a ce kai da 'yan uwanka biyu kun yi noman riɗi a Gagarawa Tasha, ko kun kai bijimi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ciniki ya faɗa a kan naira miliyan ɗaya cif. Aka shimfiɗa tabarma za a raba. Kowa ya tashi da 333,333, naira ɗaya ta yi saura. Kada ka zargi mai lissafi, halin lambar ne.

Kowace lamba tana da tubalan da aka gina ta da su, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, irin su 2, 3, 5 da 7. Ita miliyan 2 ce sau shida da 5 sau shida, an ninka su da juna. Babu 3 a cikinta, babu 7. Shi ya sa take rabuwa lafiya gida 2, 4, 5, 8 da 10, amma ta ƙi 3, 6, 7 da 9. Lambobi 49 kacal ke raba ta ba saura.

Ga dabarar da za ka koya wa yara a gida. Tara alƙaluman lambar: in jimlar ta rabu gida uku, ita ma za ta rabu. Na miliyan sun tashi 1, don haka ba hanya. Amma cire naira ɗaya, sai 999,999 ta rabu gida 3, 7, 9, 11 da 13.

Akwai kuma lamba mai sauƙin kai. Ninka kwana 7 na mako da kwana 30 na wata da watanni 12, za ka samu 2,520. Ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 10. Ninka ta sau 400, ka samu 1,008,000: mutum bakwai kowa 144,000, mutum tara kowa 112,000. In kuna tsara adashe ko jarin haɗin gwiwa, wannan ta fi miliyan zaman lafiya.

Malaman gado sun daɗe da sanin haka. Idan tumunin matar mamaci ya haɗu da sudusin mahaifiyarsa, sukan kasa dukiyar kashi 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4. A miliyan, tumuni 125,000 ne daidai, sudusi kuwa 166,666 da 'yan kwabbai. Naira ɗaya ba ta sayen ko ashana, amma zargi daga ƙanƙanin abu yake farawa. Saboda haka ku yi ittifaƙi a kan ragowa tun kafin a fara ƙirga, rabon gado kuma a kai wa masaninsa.

To, ga ta ku: wace lamba ce mafi ƙanƙanta da ke rabuwa daga 1 har zuwa 12? Muna jiran amsarku a wurin sharhi.