Daga Kano Zuwa Jidda, Awa Nawa Ne?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Jirgin da ya miƙe ta kan Chadi da Sudan yakan isa cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. A 2023 yaƙin Sudan ya tilasta wa jiragen alhazai yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

To, maniyyata su lura, agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe, ya yi awa biyar a sama, ƙarfe 5 na yamma zai tarar a Jidda, ba 3 ba. La'asar ta yi nisa ke nan. A gyara agogo tun cikin jirgi.