Kwamfuta Ba Ta San Sama Da Ƙasa Ba

Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968, layi guda a kan taswira ne ya raba garin da zai tashi da wanda zai zauna. Masu safiyo suka auna iyakar ruwa, aka tashi mutane fiye da 40,000, har da Gungawa mazauna tsibiran ƙasar Yauri da ƙauyukan gaɓar kogi a Ngaski. A zamanin nan, a kan takarda ake zane, babu injiniyan da zai manta inda sama take.

Yau aikin ya koma cikin kwamfuta. Mai tsara tankin ruwa a Yelwa ko gada a Shanga yakan kafa ginin ne bisa layukan awo uku, watau X da Y da Z, biyu a kwance, ɗaya a tsaye. To, amma manhajojin ba su yi baki ɗaya ba. STAAD.Pro ta ɗauki Y a matsayin sama, SAP2000 da ETABS kuwa Z suka ɗauka.

Idan aka kwashe zane daga wannan zuwa waccan ba tare da gyara ba, sai ginin ya kwanta da gefensa. Nauyin kankare da ruwa, wanda ya kamata ya danne ginshiƙai, sai lissafi ya tura shi gefe. Na'ura ba ta gardama, za ta fitar da adadin rodi kamar kome lafiya, ɗan kwangila kuma ya bi takarda.

Akwai magani. STAAD.Pro tana da umarnin SET Z UP, wanda ake rubutawa tun a farko, kafin a shigar da awon ginin. Bayan sauyin, wajibi ne a sake duba kowane dogari, domin yana iya juyewa ya kwanta a kan faɗinsa, inda ba shi da ƙarfi. Daga nan a tara abin da harsashi ya ɗauka, a ga ko ya zo daidai da nauyin ginin, ya kuma fuskanci ƙasa.

Jami'in Ma'aikatar Ayyuka da zai sa hannu, da ɗalibi mai koyon injiniya, ya kamata su nemi wannan shaida kafin a zuba kankare. Tun ran gini, tun ran zane.