Baƙin Mai Guba Ne ga Lambu da Dabba

Manomi, idan ka ratsa ta garejin kanikawa a Oshodi ko kasuwar Ladipo a Legas, za ka ga baƙin mai kwance cikin kwata. Da damina ruwa kan kwashe shi zuwa rafukan da masu lambu ke ban-ruwa da su.

Man da aka juye daga mota, tarakta ko injin ban-ruwa yana ɗauke da dalma da ɓurɓushin ƙarfe. Shi ya sa Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta lissafa shi cikin shara mai haɗari. Lita 1 tana iya ɓata ruwa lita miliyan 1. A gona kuwa yakan toshe ƙasa, saiwa ta rasa iska.

Saboda haka, tara naka cikin duro mai murfi, nesa da rijiya. Kada ka gauraya shi da fetur ko man birki, domin cakuɗe yana wahalar tacewa. Kada ka shafa wa dabba don kaska, guba ce ke shiga jikinta. In duro ya cika, nemi malamin gona ko hukumar LASEPA su haɗa ka da masu izinin karɓa.